Yayata Hajiya Bonju da baƙon gindin dalbejiya

Daga Allah muke, kuma gare shi muka mayar da yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, wadda Unguwar Kanawa ta fi sani da Hajiya Bonju. Ta cika da hantsi, aka yi mata sutura, muka kai ta makwancinta kafin la'asar. Ni ne namiji babba da ya rage a gidanmu, don haka ni na zauna a tabarmar gaba ina karɓar gaisuwa.

Masu gaisuwa sun zo iri-iri, kowa da abin da ya rasa. Tsofaffin da suka yi aiki da ita a ma'aikatar ciniki sun zo da sandunansu da farin gemunsu. Ɗaya daga cikinsu, bayan ya ce mini ya haƙuri, sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa ganin cikin jirgin sama ba sai da yayarka ta ce ba za ta yi tafiya ba sai da mai riƙe mata fayil. Ni ne mai riƙe fayil ɗin." Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, aka kama shi aka zaunar.

Mata kuwa ina jiyo su suna wucewa ta zaure. Wata tsohuwa, aminiyar Yaya tun suna 'yan mata, tana cewa, "Yanzu wa zai karanta mana Faransancin jikin magunguna da mayukan Kwatano? Sai dai mu sha na shafawa, mu shafa na sha." Aka ce ta yi shiru, gidan makoki ne. Ta ce, "Ai da tana nan ita za ta fara dariya." Masu sayar da atamfa sun zo a ayari guda, suka ce shekara da shekaru ita ce bakinsu a waya idan za su yi magana da dilolin ƙetare, kuma ko ƙyalle ba ta taɓa karɓa ba. Liman bai ce komai a kan Faransanci ba. Cewa ya yi bai taɓa jin maƙwabci ya kawo ƙararta ba.

Da mutane suka ɗan ragu, ɗan baffanmu ya matso kusa da kunnena ya ce, "To, maganar tafiyar yarinyar nan Abijan kuma ta bi marigayiya ke nan, ko?" Na ce, "Ta bi ta." Da ƙarfina na faɗa, ban ji komai ba.

Yarinyar da yake nufi 'yata ce. Ba na kiran sunanta saboda dalili biyu: 'yar fari ce, kuma sunan Yaya ta ci. Yaya ce ta riƙe ta, tana kiranta Takwara, mu ma muka bi. Takwara ta sami aiki a Abijan saboda Faransancin da ta karanta. Yaya tana so ta tafi, ni na ce ba za ta ba. A kan wannan muke Yaya ta kwanta ciwo, masu aikin kuma suna jiran amsa kafin wata ya ƙare.

Ni ba marubuci ba ne. Firamare na yi, na ɗan taɓa makarantar koyon sana'a, sannan na yi aikin sito a ma'aikatar ayyuka har na yi ritaya. Abin da na iya shi ne ajiye kowane kaya a inda ya dace. Haka zan jera labarin yayata, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe, don jikokin gidanmu su san ko wace ce. Akwai wurin da zan so in tsallake, amma mai sito ba ya tsallake kaya don ba ya son ganinsu.

Zan fara da yadda ta sami sunan.

Mahaifinmu masinja ne a wani ofishin gwamnati a Doka, mai keke da kaki mai guga. Yaya ce ta fara zuwa jami'a a zuriyarmu, ta tafi karatun tattalin arziki. A lokacin ana barin ɗalibi ya haɗa babban darasinsa da wani ƙarami a gefe. Yawancin 'yan ajinsu sun zaɓi abin da ba zai wahalar da su ba. Ita ta ɗauki Faransanci. Da ta zo hutu sai ta zauna a tsakar gida da littafi tana fitar da wata irin murya daga maƙogwaro. Innarmu ta leƙo daga madafa ta ce, "Ke, ƙayar kifi ce ta maƙale miki?" Da mahaifinmu ya dawo aka gaya masa, ya kira ta ya ce, "Turanci ɗaya bai ishe ki ba, sai kin ƙaro na wasu Turawan?"

Tana durƙushe ta ce, "Baba, ƙasar nan maƙwabta huɗu gare ta, kuma duk huɗun da wannan harshen ake aiki a ofisoshinsu. Ya kamata a ce gida yana da wanda ya iya gaida maƙwabta."

Ya ci gaba da goge kacar kekensa. Can ya ce, "To ki iya da kyau. Ba na son rabin abu."

Kullum da safe sai ta ce mana "bonju", wato ina kwana. Mu ƙannenta muka mayar da shi sunan tsokana, 'yan unguwa suka ɗauka. Ba ta taɓa jin haushi ba. Da ta sauke farali aka ƙara mata Hajiya a gaba, shi ke nan suna ya zauna.

Sai maganar aiki. Ta shiga ma'aikatar ciniki tana ƙaramar ma'aikaciya, teburinta a bakin ƙofa. Zamanin masaƙun Kaduna suna aiki, ana cinikin auduga da ƙasashen maƙwabta. Wata rana baƙi suka zo daga ƙetare, tafintan da aka yi alkawari da shi bai zo ba. An aike ta ta kai takardu ɗakin taron, sai ta ji ɗaya baƙon yana ce wa ɗan'uwansa gara su tashi su kama hanya. Ta ajiye takardun ta ba su haƙuri da harshensu. Aka jawo mata kujera. Daga ranar duk tawagar da za ta fita waje da ita ake tafiya, har aka tura ta wani ofishin haɗin gwiwar ciniki a Abijan. Takan ce, "Digirina ne ya ba ni kujera, amma ƙaramin darasin nan shi ya tashe ni daga bakin ƙofa." Duk ɗalibin da ya zo gaishe ta sai ta tambaye shi, "Me kake karantawa? To, me ka haɗa da shi?" Idan ya ce babu, sai ta girgiza kai ta ce, "Irinka dubu ne a layi."

Mijinta malamin makaranta ne mai sanyin hali. Ya ajiye koyarwa ya bi ta Abijan, abin da aka daɗe ana surutu a kai. A can ajali ya same shi, ciwon kwana kaɗan. Zamanin babu wayar hannu, kafin labari ya iso mu an riga an binne shi. Babu ko mutum ɗaya daga Kaduna da ya tsaya a kan gawarsa. Da ta zo gida muka tambaye ta yadda aka yi, ta ce, "Maƙwabcinmu ne ya tsaya. Shi ya yi masa wanka, shi ya tara jama'ar masallaci, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. A ɗakin matarsa na yi takaba." Muka ce Allah ya saka masa da alheri. Mutumin ya zauna a bakinmu a matsayin maƙwabcin Abijan, ba mu san fuskarsa ba.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ta dawo gaba ɗaya ta gina ɗan gidanta a Unguwar Sarki. Ranar da aka kai mata Takwara yaye, ta ce, "Wannan kuma kun gama ganinta." Haka kuwa aka yi.

Halayenta ba su da wuyar lissafi. Bayan sallar asuba takan kunna rediyon Faransanci, ta haɗa baƙin kofi, ta tsoma burodi. Koko kuwa ta ce sai dai idan ba ta da lafiya. Idan ranta ya ɓaci, da Faransanci take faɗa, wai don kada wanda ake yi wa ya ji ta ɗauki alhakinsa. Ni kuma Sarkin Tsari take kirana, saboda ba na iya wuce takalma a warwatse a bakin ƙofa ban jera su ba.

Akwai alherin da ta yi mini wanda ban gane ba sai daga baya. Shekarar da na yi ritaya na rasa abin yi, na zama masifaffe a gida, kowa yana gudun inda nake. Sai ta aiko a kira ni, ta ce ɗakin ajiyarta ya rikice, ita kuma gwiwa ta hana ta. Na tarar da littattafai a cikin tukwane, zannuwa a kan buhun shinkafa. Na yi makonni ina gyara, ina faɗa, ita tana kawo mini shayi tana cewa, "Ai shi ya sa na ce sai kai." Bayan wata biyu ɗakin ya sake rikicewa, na sake zuwa. Sai da aka daɗe matata ta gaya mini cewa Yaya da Takwara ne suke hargitsa shi da hannunsu kafin in zo.

Yanzu sai rigimar. Kashi biyu ce.

Na farko, lokacin da Takwara ta shiga jami'a karatun akanta, Yaya ta sa ta haɗa da Faransanci a gefe. Na je na ce wannan ƙarin kaya ne, zai ja mata sakamako ƙasa, ta tsaya a kan abu ɗaya. Yaya ta ce, "Ni ma haka Baba ya fara cewa, kuma shi ya fi ka gemu." Na haƙura, don a raina na ɗauka wasan takwara da takwara ne, zai ƙare a falo.

Bai ƙare a falo ba. Bayan bautar ƙasa, 'yan ajinsu suna ta yawo da takardu ofis-ofis, wani banki mai rassa a ƙasashen yammacin Afirka ya kira su ganawa. Takwara ta ce ana cikin tambayoyi wata mata ta juya harshe zuwa Faransanci, ita ta amsa, sauran suka yi shiru. Aka ɗauke ta, aka ce reshen Abijan.

Nan ne kashi na biyu. Na sami Yaya a falonta tana yanke farce. Na ce ban yarda ba.

Ta ce, "Sarkin Tsari, 'yar nan a sito za ka ajiye ta?"

Na ce, "Yaya, ke da miji kika tafi. Ita da wa za ta tafi? Wa muka sani a can?"

"Ni na san mutane."

"Mutanen da ko gaisuwarsu ba ma ji."

Ta ajiye rezar ta dube ni. Ta ce, "Mutanen da ba ka jin gaisuwarsu su suka binne mini miji." Sannan ta juya harshe ta yi ta faɗa da Faransanci. Na tashi na jera takalman bakin ƙofa na fita.

Ba a jima ba ciwo ya kwantar da ita. Kullum ina zuwa asibiti, ina jiran ta tayar da maganar, na kuma shirya amsata. Ba ta tayar ba. Ranar ƙarshe da ta yi mini magana da hankalinta, cewa ta yi, "Je ka gyara silifas ɗin can, na ga tun da ka shigo suke damunka." Na je na gyara.

Ga wurin da na so tsallakewa.

Ranar addu'ar bakwai na tsara ƙofar gida kashi uku, kamar yadda na saba a kowane taron gidanmu. Tabarmi a gaba na malamai da dattawa. Kujeru a ƙarƙashin rumfa na ma'aikata da manyan baƙi. Gindin dalbejiyar da ke gefen kwata kuma na masu bin gidajen makoki don sadaka, waɗanda ba su san mamaci ba, ba su san masu gida ba. Na sa a ƙulla musu waina a leda, a miƙa musu can, don kada su cakuɗe da jama'a. Ina alfahari da wannan tsarin. Har wasu gidajen suna kwaikwaya.

Da hantsi wani dogon tsoho ya sauka daga Keke Napep. Rigarsa ta yamutse ta yi datti, ƙafarsa da silifas, ga 'yar jaka a rataye. Ya nufo tabarmar gaba kai tsaye, ya yi sallama, na amsa. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ambaci sunan Yaya, sannan ya yi ta magana da wani harshe, idonsa yana kawo ruwa. Na gwada Hausa, bai ji ba. Na gwada ɗan Turancina, ya girgiza kai. Ya ciro waya a kashe ya nuna mini.

Na yi shekaru ina jin rediyon Yaya idan na je gidanta. Ya kamata kunnena ya gane. Amma ban saurari bakinsa ba, rigarsa na duba. A raina na ce irin baƙin nan ne da suke jin sunan mamaci a bakin titi su shigo da kuka, wayar kuma kuɗin kati yake nema. Na kama hannunsa na kai shi gindin dalbejiya da kaina. Na sa aka ba shi ledar waina. Ya dubi ledar, ya dube ni, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya zauna a kan dutse.

Malamai suka yi karatu, aka shafa fatiha, yana can yana shafawa. Masu sadaka suka karɓi nasu suka watse, shi bai tafi ba. Aka yi azahar, ya bi sahun baya, ya koma kan dutsensa. Ɗan baffanmu ya ce, "Wancan fa ya ƙi tafiya." Na ce, "Ƙyale shi, ƙari yake jira."

Tsohuwar nan aminiyar Yaya ce ta zo wucewa za ta shiga gida. Tsohon ya miƙe ya ɗan rusuna ya gaishe ta. Ta shiga tana salati, ina jin muryarta daga waje: "Jama'a, akwai wani bawan Allah a gindin bishiya yana yi mini gaisuwar marigayiya! Wallahi bonju ya ce mini!"

Sai ga Takwara ta fito da hijabi, ta ratso tsakiyar maza. Ni da ba na yi mata magana a gaban mutane, na ce, "Ke! Ina za ki? Ba ki ga maza ba?"

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ta wuce. Ba ta taɓa wuce maganata ba sai ranar.

Ta durƙusa a gabansa ta yi magana. Ya amsa. Ta rufe baki da hannu. Ya ajiye ledar a kan dutse a hankali, ya ɗaga hannuwa sama yana hamdala. Ta dawo ta tsaya a gefen tabarmata, kanta a ƙasa, amma muryarta kowa ya ji.

"Baba, maƙwabcin Gwaggo ne na Abijan. Shi ne ya binne mijinta."

Ɗan baffanmu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Liman ne ya fara tashi, ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya taka har gindin dalbejiyar ya kamo hannun tsohon. Ni na kasa tashi. Na yi shekaru ina gyara wa mutane zama a taro, ranar na rasa inda zan ajiye idona.

Aka shigar da shi zaure, aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa da abinci a kwano mai murfi. Takwara ta zauna daga bakin ƙofar ciki tana fassara. Ashe ita ce ta aika saƙon rasuwar ga duk lambobin da ke wayar Yaya, ba ta zaci wani zai taso ba. Shi kuwa da ya gani sai ya hau mota. Ya ƙetare iyaka bayan iyaka, ya kwana a tasha, wayarsa ta mutu a hanya. Abin da yake nuna mini ke nan, a sa masa caji ya kira lambar da ta aiko saƙon. Sunan unguwa da laƙabin Yaya kawai ya riƙe, da su mai Keke Napep ya kawo shi.

Tsohon ya yi magana yana nuna ni, yana murmushi. Takwara ta ce, "Wai tun daga nesa ya gane ka. Ya ga wani yana jera takalman mutane a bakin tabarma, ya ce wannan ne ƙanen. Gwaggo ta sha ba su labarinka."

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce duk abin da aka ba ka ajiya, ko shekara nawa ya yi, yadda aka ba ka haka za a same shi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ki ce masa ya yafe mini. Ki ce na ga rigarsa na ɗauke shi mai bin gidajen makoki don sadaka, na zaunar da shi a bakin kwata, na bar shi a can tun hantsi."

Ta faɗi 'yan kalmomi ta yi shiru.

Na ce, "Abin da na faɗa ya fi wannan tsawo."

"Baba, ai ya gane."

"Ki faɗa masa duka. Kakanki ya ce ba ya son rabin abu."

Ta faɗa masa duka. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya ya dafa gwiwata. Ta ce, "Wai wainar ta yi daɗi, sai dai yajin ya yi masa yawa. Ya ce shi ba kujera ya zo nema ba. So yake a nuna masa inda aka kwantar da ita, ya yi mata addu'a, ya koma ya gaya wa matarsa ya gani da idonsa."

A ɗakina ya kwana, na sa aka wanke rigar aka goge. Da safe na kai shi maƙabarta. Mata ba sa shiga, don haka Takwara ta tsaya a gida, muka tafi mu biyu babu tafinta. Na nuna masa kabarin. Ya tsuguna ya daɗe yana addu'a, ina amin a inda na gane Larabcin. Da ya gama ya dube ni ya faɗi wata magana mai tsawo, yana nuna kabarin, yana nuna yamma. Na san labarin yayata yake ba ni, na shekarun da ba mu gani ba. Ina so in tambaye shi ko ta yi kuka da yawa a ɗakin matarsa, ko tana cin abinci, ko kabarin mijinta yana nan. Bakina cike da tambaya, babu ta inda za ta fita. Muka tsaya kamar gumaka biyu. A nan na tuna abin da ta gaya wa mahaifinmu tana durƙushe. Ita ce mai gaida mana maƙwabta, ga ta a ƙasa. Saura mutum ɗaya a gidan, ita ce kuma nake so in kulle.

Tsoron da nake ji bai tafi ba, kada wani ya ɗauka ya tafi. Yarinya ce, garin da nisa, ni kuma uba ne. Amma tambayar da na yi wa Yaya a falonta, wa muka sani a can, ga amsarta ta hau mota ta zo har ƙofar gidana, na ba ta waina a leda.

Da zai tafi tasha, ya rataya jakarsa a zaure, ɗan baffanmu yana nan, matata tana bayan labule. Na ce a kira Takwara. Ta zo ta durƙusa.

Na ce, "Ki ce masa mun gode, Allah ya kai shi gida lafiya, ya gaida mai ɗakinsa."

Ta faɗa. Ya amsa.

Na ce, "Ki ce masa akwai yarinya a gidan nan da za ta zo garinsu aiki. Ba mu san kowa a can ba sai shi. Idan ta iso, ya riƙe ta yadda ya riƙe yayata."

Ta ɗago kai ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama. Na kawar da fuskata wajen bango.

Na ce, "Fassara mana. Ba aikinki ba ne?"

Ta juya wajen tsohon ta fassara. Wannan karon nata ya fi nawa tsawo, ban kuma ce komai ba. Tsohon ya dube ta, ya dube ni, ya ɗora hannun dama a ƙirjinsa. A duk abin da ya faɗa tun zuwansa, ban da sallama da addu'a, kalma ɗaya ce na ji ba tare da tafinta ba. Ya ce, "Amana."

Takwara ta ba masu aikin amsa a ranar. Yanzu tana can, tana kwana a ɗakin da gwaggonta ta yi takaba kafin ta sami nata wurin. Na daina raba ƙofar gida kashi uku. Har yau idan na fito masallaci ba na iya duban gindin dalbejiyar nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yaya ba ta ji amsar da kunnenta ba, alhali kullum ina zaune a gefen gadonta.

Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a. Allah ya jiƙan yayata, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta da na mijinta da ke can nesa. Allah ya saka wa maƙwabcin Abijan da gidan Aljanna. Yaya kuma, a inda ta je baƙunta, Allah ya sa a tarbe ta fiye da yadda ƙanenta ya tarbi baƙonta.